Yadda manhajar zane ke sauƙaƙa haɗa wayoyi a akwatin wutar lantarki

Akwatin da ke sarrafa injinan masana'anta cike yake da bireka, kontakta, rile da ɗaruruwan wayoyi. Haɗa wayoyin nan na daga cikin ayyukan da suka fi cin lokaci wajen ƙera akwatin. A tsohuwar hanya, mai haɗawa zai duba takardar zane, ya kintaci tsawon waya, ya yanke, ya fere bakinta, ya ɗaura. In ta gaza, an yi asarar jan ƙarfe. In ta yi tsawo, sai a cusa ragowar cikin bututun roba har murfinsa ya ƙi rufuwa.

Manhajojin zane sun sauya tsarin aikin. EPLAN Pro Panel, ta kamfanin EPLAN na Jamus, tana bai wa injiniya damar gina akwatin a kwamfuta da zanen 3D tun kafin a huda ƙarfe. Da zarar ya jera kayan, manhajar za ta nemo wa kowace waya hanya mafi kusa, ta lissafa tsawonta, ta kuma nuna bututun da ya kusa cika. SolidWorks Electrical ma tana irin wannan aiki, ita kuwa AutoCAD Electrical ta yi fice wajen raba wa wayoyi lamba da fitar da jerin kayan da za a saya.

Amfanin bai tsaya ga tsimin waya ba. Wayar da ke ɗauke da wuta mai ƙarfi, musamman wadda ta fito daga na'urar sarrafa gudun mota, tana iya dagula saƙon da ke bin siririyar wayar sensa idan suka jeru wuri guda. A manhaja ana iya kafa dokar da za ta raba musu hanya tun farko. Haka nan ana ganin inda kaya suka cunkushe har zafi zai taru, abin da ƙa'idar IEC 61439 ta buƙaci maƙeri ya tantance.

Daga nan bayanan kan wuce ɗakin aiki. Injinan Rittal da Komax suna karɓar jerin, su yanke kowace waya daidai awonta, su matse mata baki, su buga mata lamba. EPLAN Smart Wiring kuma tana nuna wa mai haɗawa a allo inda waya ta taso da inda za ta sauka, ɗaya bayan ɗaya.

Lasisin waɗannan manhajoji na da tsada, kuma lissafinsu ba ya fita daidai sai an shigar da ainihin awon kowane kaya. Ƙaramin shago zai iya farawa da QElectroTech, wadda kyauta ce, ko da yake zanen da'ira kawai ta fi ƙwarewa a kai. Ko wannan kaɗai riba ce: ranar da injin ya tsaya bayan shekaru, mai gyara zai bi lambar waya a zane ya gano matsalar, maimakon ya yi ta jan wayoyi yana lalube alhali aiki na tsaye.