Bikin Sinima Na Yerevan: Lambar Girma Da Ta Samo Asali Daga Gidan Kaso

Kowace shekara, galibi a watan Yuli, sa'ad da 'ya'yan itacen afirikot suka nuna a gonakin ƙasar Armeniya, masu shirya fina-finai daga sassan duniya sukan hallara a Yerevan, babban birnin ƙasar, domin bikin da ake kira Afirikot Na Zinariya. An fara bikin ne a shekarar 2004, bisa jagorancin Harutyun Khachatryan, wani mai shirya fim, da abokan aikinsa biyu.

Shi afirikot ɗan itace ne mai ruwan ɗorawa da ƙwallo guda a ciki. Armeniyawa suna alfahari da shi ƙwarai, har ma da icensa suke sassaƙa duduk, wata irin algaitarsu mai taushin murya. Bisa al'ada, ba a buɗe bikin sai an kai kwandunan afirikot majami'a an sa musu albarka. Fim ɗin da alƙalai suka zaɓa ya zo na ɗaya shi ke samun Afirikot Na Zinariya, akwai kuma na Azurfa. A bikin farko, fim ɗin Ararat ne ya ci babbar kyauta. Atom Egoyan, Ba'armeniye mazaunin Kanada, shi ya shirya shi a kan kisan ƙare-dangi da aka yi wa Armeniyawa a Daular Usmaniyya daga 1915.

Amma lambar da ta fi kowace labari ita ce wadda ake bai wa dattawan sana'ar saboda aikin da suka yi tsawon rayuwarsu, wato Talar Parajanov. Tala dai sunan wani tsohon kuɗin azurfa ne na Turai, irin wanda fatake suka riƙa kawowa Kano da Barno a ƙarni na 19.

An haifi Sergei Parajanov a Tibilisi ta Jojiya a 1924, iyayensa Armeniyawa. A 1969 ya fito da fim ɗinsa mai suna Launin Rumman, a kan rayuwar Sayat-Nova, wani mawaƙi na ƙarni na 18. Fim ɗin kusan babu magana a cikinsa, sai hotuna jere kamar zanen littattafan dā. Hukumomin Tarayyar Sobiyat, waɗanda Armeniya ke ƙarƙashinsu a lokacin, ba su ji daɗinsa ba. Suka canja masa suna, suka sa wani ya sake yanka shi.

Abin bai tsaya nan ba. A watan Disamba 1973 aka kama Parajanov, aka yanke masa ɗaurin shekara 5 da aiki mai tsanani, bisa tuhumar da mutane da yawa suka ɗauka maƙarƙashiya ce ta siyasa. To, an raba shi da na'urar ɗaukar hoto, amma ba a raba shi da basirarsa ba. Sai ya riƙa tattara murafun kwalaben madara, waɗanda aka yi da ƙarfe mai laushi kamar takarda, yana zana fuskokin mutane a kansu da farcensa, har su yi kama da kuɗin azurfa. Ya kira su tala. Bayan manyan marubuta irin su Louis Aragon na Faransa sun sa baki, aka sake shi a ƙarshen 1977. Ya rasu a Yerevan a 1990, shekara guda kafin ƙasar ta sami 'yancin kanta. Siffar irin wannan murfi ce aka zuba a azurfa, ake miƙa wa gwanaye irin su Abbas Kiarostami na Iran da Wim Wenders na Jamus.

Me ya sa ƙasa mai mutane kimanin miliyan 3 ta ɗauki wannan ɗawainiya? Sana'ar ba baƙuwa ba ce gare su, domin tun 1923 aka kafa ma'aikatar fina-finai a Armeniya, kuma a 1935 Hamo Beknazaryan ya yi musu Pepo, fim ɗinsu na farko mai magana. Sai dai a zamanin Sobiyat gwamnati ce ke ba da kuɗi, ita ce kuma ke da wuƙa da nama. Da Tarayyar ta wargaje a 1991 sai kuɗin ya yanke, ga ɓarnar girgizar ƙasa ta 1988, ga yaƙi da Azarbaijan, ga rashin wutar lantarki. Shirya fim ya kusa mutuwa murus. Ƙasar ba ta da bakin teku, Turkiyya kuma ta rufe iyakarta a 1993. Don haka bikin ya zama ƙofa: baƙi su shigo da nasu, su kuma ga na masu gida. Akwai ma sashe na musamman na fina-finan Armeniyawa, na gida da na ƙetare.

Shi kuwa Launin Rumman, gidauniyar Martin Scorsese ta sa an gyara shi, aka nuna shi a bikin Cannes na Faransa a 2014. Masu iya magana suka ce zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Murfin kwalba da ɗaurarre ya tsinta ya zama abin da manya ke karɓa da hannu biyu.