Kyamarar Gado a Ƙasar Gobir: Kuɗinta da Abin da Ake Zubarwa

A Sabon Birni da Isa da ƙauyukan da ke kewaye da kufan Alkalawa, akan buɗe adakar mamaci ranar rabon gado a tarar da kyamara naɗe cikin tsohon rawani, kusa da agogo da takardun gona. A da yara ake miƙa wa ita su yi wasa. Yanzu magada kan tsaya a kanta, wani ya ce a kai Sakkwato a tambaya, wani ya rantse ya ga irinta a waya ana kiran miliyoyi.

Yawancin waɗannan kyamarori tsarabar alhazai ce ta shekarun 1970, lokacin da kuɗin mai suka yawaita, ko kayan malaman makaranta, ko kuwa na masu hoto da ke bin kasuwanni da gidajen biki har tsallaken iyaka wajen Maraɗi. Wayar hannu ta kashe sana'ar, sannan ita ce ta dawo tana ruruta batun farashi. A 2022 an yi gwanjon wata Leica ƙirar 1923 a Jamus kan Yuro miliyan 14.4, kuma samari a Turai da Japan sun koma ɗaukar hoto da fim. Labarin gaskiya ne, sai dai waccan Leica ɗaya ce cikin 'yan ƙalilan da aka ƙera na gwaji. Zenit-E ta Tarayyar Sobiyet, wadda ta fi kusa da abin da ke cikin adakokinmu, miliyoyi aka buga tun daga 1965, shi ya sa ko a Turai ba ta da tsada.

Gane shekarun kyamara bai buƙaci boka ba. A duba ƙasanta da bakin gilashinta. Wadda aka rubuta wa USSR ta girmi ƙarshen 1991. Mai sunan Jamus ta Yamma ba ta wuce 1990 ba. A Zenit da yawa, lambobi biyu na farkon lambar jikinta su ne shekarar ƙira, wato mai farawa da 78 ta 1978 ce. Mai ido biyu, ɗaya bisa ɗaya, da ake leƙawa ta sama, ita ce abokiyar masu situdiyo: in Yashica Mat-124G ce, tsakanin 1970 da 1986 aka yi ta, kuma tana da masu nema, in Rolleiflex ce, to a riƙe ta da kyau. Kodak Instamatic ta fito a 1963, amma kamfanin ya daina yin fim ɗinta, don haka ado ce kawai. Akwai kuma 'yar robar nan da alhazai ke kawo wa yara, a leƙa a danna a ga Ka'aba da Masallacin Madina. Wannan ba ta ɗaukar hoto.

Bayan suna sai lafiya. Bushewar ƙasarmu ta kare gilashi daga fumfunar da ke cinye na kudu, amma zafi na daskarar da man cikin inji, ƙurar hunturu na shiga ko'ina, batirin da aka manta kuma ya zubar da ruwa ya ci ƙarfe. Mai goge gilashi da bakin riga yana kankare kuɗinsa da hannunsa.

Rashin sanin nan yana ɓarna ta fuska biyu. Wani gida a jingine rabo, zargi ya shiga tsakanin 'yan uba kan abin da bai kai kuɗin tunkiya ba. Wani gida kuma ɗan jari-bola ya ɗora kyamarar a sikeli ya biya kuɗin ƙarfe.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ambulan ɗin da ke gefenta, mai ɗauke da baƙin fim da hotunan da suka yi ja, wanda ba mai sa shi cikin lissafi. Mai hoto Malick Sidibé na Bamako ya karɓi babbar lambar yabo ta Venice a 2007 ne saboda fim ɗin da ya adana na bukukuwa da samarin garinsu. Masu hoton Gobir ma sun ɗauki naɗin sarauta, hawan Salla, amare, 'yan kokawa, fuskoki masu tsagar Gobirawa da ake daina yi wa yara. Tun 2019 ta'addancin 'yan bindiga ya kori dubban mutanen wannan yanki zuwa jihar Maraɗi, kuma mai gudun ceton rai ba ya ɗaukar adaka. Garin da aka ƙone, wataƙila hoton kasuwarsa ɗaya tak yana cikin irin wannan ambulan.

Saboda haka duk wanda ya gaji kyamara, kada ya buɗe bayanta kafin ya tabbatar ba fim a ciki, domin haske na goge shi nan take. Fim ɗin da aka riga aka wanke, a riƙe shi ta gefe, a ɗaga wa haske, a ɗauka da waya, a kai wa tsofaffin gida su faɗi sunayen mutanen da shekarar, a rubuta a bayan ambulan da fensir.