Ƙwayar Cuta Mai Sauya Riga

Duk wanda yake da ƙane ko ƙanwa a goye ya san murar nan da takan fara da majina da ɗan zazzaɓi, bayan kwana biyu ko uku ta sauka ƙirji, numfashin jariri ya riƙa fito, har ya kasa kama nono. Sau da yawa abin da yake kawo wannan wata ƙwayar bairos ce da likitoci suke kira RSV. Kusan kowane yaro yakan kamu da ita kafin ya cika shekara 2. Yawancinsu sukan warke, amma an ƙiyasta cewa a 2019 ta kashe yara kusan 100,000 'yan ƙasa da shekara 5, galibinsu a ƙasashe marasa ƙarfi. A 1956 aka fara gano ta a jikin wasu birai a Amurka, a 1957 kuwa Robert Chanock ya same ta a jikin jarirai a Baltimore.

Mun sani yaron da ya yi ƙyanda sau ɗaya ya gama da ita. To, me ya sa RSV takan komo wa mutum har tsufansa? Kāriyar da jiki yake samu bayan ta kama shi ba ta daɗewa, sa'an nan ita kanta ƙwayar ba ta zama yadda take.

Umarnin gina ta a rubuce yake a cikinta da haruffa iri huɗu, jerinsu ya kai wajen 15,000. Duk sa'ad da ta hayayyafa sai an kwafe wannan rubutu, mai kwafewar kuwa ba ya komawa ya duba aikinsa. Kurakuran sun fi taruwa a wani sashe da ake kira G, wanda yake kamar ƙugiya a bayanta, da shi take maƙalewa a hanyar numfashi. Idan G ya sāke kama, masu tsaron jiki sukan yi jinkirin gane ta, kamar baƙon da ya komo da wata riga. Tun 1985 aka san ta kasu gida biyu, A da B, kowane gida da zuriyarsa.

Akwai kuskure biyu da suka yi suna. A 1999, a Buenos Aires ta ƙasar Ajantina, an ga wata 'yar gidan B da ta maimaita haruffa 60 a sashen G, yadda ɗalibi mai gyangyaɗi yakan kwafe layi ɗaya sau biyu daga allo. Aka sa mata suna BA. A 2010 wata 'yar gidan A ta yi irin wannan a Ontariyo ta Kanada, da haruffa 72, aka kira ta ON1. A 2012 har an same ta a asibitin Kilifi a gaɓar tekun Kenya. Cikin 'yan shekaru su biyun suka ture tsofaffin iri a kusan ko'ina.

Mu da muke zaune a Illela bai kamata wannan saurin ya ba mu mamaki ba. Konni tana nan kusa, kullum motocin kaya da fatake da 'yan biki suna ƙetarawa, iyali ɗaya rabi nan rabi can. An rufe iyakar nan a 2019, aka kuma rufewa a 2023, amma abin da tari da tafin hannu suke ɗauka ba ya tsayawa gaban kwastan.

Abin farin ciki shi ne akwai sashe na biyu, wato F, wanda take huda ƙwayoyin jiki da shi, shi kuwa da ƙyar yake sākewa. A kansa aka gina allurar rigakafin da aka amince da ita a 2023, wadda ake yi wa mai juna biyu a watannin ƙarshe domin kāriyar ta bi jini ta kai ga jariri. Tana aiki a kan A da B duka, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta shawarci ƙasashe su karɓe ta.

A gida ba mu iya bambanta A da B, gama alamunsu ɗaya ne, maganin kashe bakteriya na kemis kuma ba ya taɓa su. Numfashi muke iya ƙirgawa. Idan jariri ɗan ƙasa da wata 2 yana ja sau 60 ko fiye a minti ɗaya, ko sau 50 daga wata 2 zuwa 11, ko ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa in ya ja iska, a kai shi asibiti a ranar.