Sabon Fenti, Tsohon Ƙarfe: Hawan Tsohuwar Motar Gudu a Kullum

A watan Oktoban 1980 aka rufe masana'antar motoci ta MG da ke garin Abingdon a Ingila. Shekara 18 ta yi tana ƙera wata 'yar mota mai kujera biyu, wadda ake naɗe rufinta, mai suna MGB. Kafin a rufe ta an fitar da fiye da rabin miliyan, akasarinsu kuma Amurka aka kai su. Yau an haura shekara 40, amma motar ba ta bar kan titi ba. A Birtaniya da Jamus da Amurka ana sayen irinta da 'yan'uwanta, kamar Triumph Spitfire da Alfa Romeo Spider da tsohuwar Porsche 911, bayan an sake gina su. Yawancin masu saye a gareji suke killace su, sai ranar hutu a fito da su. Amma akwai wasu da burinsu ya wuce haka: suna so su tafi aiki da ita, su je kasuwa, su dawo, kullum ta Allah.

Wannan buri ba wauta ba ne. A ganina ma irin wannan mota ta fi lafiya idan ana hawanta. Sai dai nasarar mai saye ta rataya ne ga ingancin aikin da aka yi a inda ido ba ya kaiwa, da kuma yardarsa ya zama rabin bakanike.

Abin da ke jan mutane gare ta a fili yake. Nauyin MGB kimanin tan guda ne, injinta mai silinda 4 ne, girmansa cc 1798, ƙarfinsa kuma kusan doki 95. Iyakar gudunta ta ɗan haura kilomita 160 a awa, abin da ƙaramar motar iyali ta yau za ta wuce ba tare da ta ji a jikinta ba. Daɗinta yana cikin yadda direba ke jin komai: sitiyari na kai masa labarin titi a tafin hannu, ƙarar inji na gaya masa lokacin sauya giya, babu kwamfuta tsakaninsa da taya. Idan ya buɗe bonet kuwa, zai ga kowane abu a sarari, ya san sunansa da aikinsa.

Motocin da ake tallarsu da sunan an sabunta su kashi uku ne. Na farko gyaran ganin ido: an cike ramuka da fila, an fesa fenti mai sheƙi, an sa sababbin kujeru, ruɓaɓɓen ƙarfe kuma na nan a ƙasa. Na biyu shi ne wanda aka kwance motar kaf har noti na ƙarshe, aka yanke duk inda tsatsa ta ci, aka yi waldar sabon ƙarfe, aka sauke inji da giya aka sabunta su. A nan MGB ta yi sa'ar da motoci kaɗan suka samu, domin tun 1988 kamfanin British Motor Heritage yake buga sabuwar gangar jikinta da ainihin na'urorin da aka buga ta asali da su, kuma har yau yana wannan aiki a garin Witney. Na uku kuwa tsohuwar kama ce da sabon ciki. Kamfanin Singer, wanda Rob Dickinson ya kafa a Kalifoniya a 2009, yakan ɗauki Porsche 911 ta wajajen 1989 zuwa 1994 ya mayar da ita sabuwa fil, a kan ɗaruruwan dubban daloli. A Ingila ma kamfanin Frontline yakan dasa injin Mazda na zamani a jikin MGB.

Mai ƙaramin ƙarfi tsakanin kashi na farko da na biyu zai yi zaɓi, kuma daga nesa kamarsu ɗaya. Tsatsa ce ke raba su. MGB ba ta da shasi daban da jiki. Jikin ne ke ɗauke da nauyin komai. Tun da rufinta yadi ne, ƙarfinta ya taru a dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi, waɗanda aka jera su hawa-hawa, wani cikin wani. Ruwa na shiga ya kwanta a cikinsu, ya ci na ciki ya bar na waje yana ƙyalli. A ƙasashen sanyi kuma ana zuba gishiri a kan titi lokacin hunturu don narkar da ƙanƙara, gishirin nan kuwa ba abin da ke cin ƙarfe kamarsa. Idan waɗannan ƙarafa suka ruɓe, motar takan ɗan lanƙwashe ta tsakiya. Shi ya sa masana ke fara duba tazarar da ke tsakanin ƙofa da jiki: in ta matse ta sama ta buɗe ta ƙasa, akwai magana. Sukan kuma bi jikin da ɗan maganaɗisu, duk inda ya ƙi kamawa fila ce ba ƙarfe ba.

Saboda haka takardu sun fi fenti daraja. Aikin kirki yakan zo da hotunan kowane mataki, da rasit na kayan gyara, da sunan garejin da ya yi. Wanda ya ce an yi komai amma ba shi da shaidar komai, a bar masa kayarsa. Mai saye ya zo da bakaniken da ba shi da alaƙa da mai sayarwa, a ɗaga motar a duba cikinta, a tayar da injin da sanyinsa, a kalli hayaƙin salansa da allurar baƙin mai, sannan a shiga cunkoso da ita a ga ko za ta yi zafi. Motar da aka gama haɗawa jiya ba a san halinta ba tukuna, domin a dubban kilomitocin farko ne notin da ba a ɗaure ba da wayar da aka haɗa a karkace suke bayyana. Wadda aka gina shekaru kaɗan da suka wuce, aka kuma ci gaba da hawanta, ta fi zama abin dogaro. Ta fuskar kuɗi ma, abin da ake kashewa wajen sake gina MGB yakan zarce farashinta a kasuwa, don haka sayen gamammiya ya fi sauƙi a kan sayen gawa a tayar. Amma araha ba ta ado.

Sai batun mai. An ƙera waɗannan injina ne a zamanin da ake zuba dalma a fetur, dalmar kuma tana kare mazaunin bawul daga cinyewa. Birtaniya ta daina sayar da irin wannan fetur a gidajen mai a shekarar 2000, a 2021 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanar da ƙarewarsa a duniya bayan Aljeriya ta daina. Injin da aka sabunta da kyau ana sa masa mazaunin bawul mai tauri, kuma wannan tambaya ce da dole a yi. Tun Satumban 2021 ma fetur na gama-gari a Birtaniya ya koma E10, mai ɗauke da etanol har kashi 10 cikin 100. Etanol na cin tsofaffin tiyo na roba, yana kuma jawo danshi cikin tanki. Tiyon mai da ya tsage kusa da inji mai zafi gobara ce ke jira.

Hidimarta ma daban ce. Ƙafafun gaba na MGB na son giris a kowace mil 3,000, kafiretocinta guda biyu na son a daidaita su, ana duba baƙin mai da ruwan lagireto duk mako. Ba ta da na'urar sanyaya ciki, sitiyarinta na da nauyi wajen fakin, rufin yadi yakan yi yoyo, fitilunta kuma ba su kai na yau haske ba. Masu hawanta kullum sukan ƙara mata 'yan abubuwan da ba sa ɓata kamanninta: na'urar lantarki mai raba wuta ga fulogi, fankar lantarki a gaban lagireto, sabon wayarin, da giyar da ke rage wa inji wahala a babbar hanya. Ina goyon bayan duk waɗannan.

Doka a Birtaniya ta sassauta wa tsofaffin motoci. Wadda ta haura shekara 40 ba ta biyan harajin hanya idan an yi mata rajista a ajin motocin tarihi, kuma tun Mayun 2018 an ɗauke mata gwajin lafiya na shekara-shekara, wato MOT, muddin ba a yi mata babban sauyi ba. Ba ta kuma biyan fam 12.50 da ake karɓa kullum daga motoci masu hayaƙi a Landan. Jamus na ba motar da ta kai shekara 30 lamba ta musamman mai harafin H. Sai dai an yi wannan sassauci ne bisa zaton motocin ba sa yawan fita. Wanda zai hau tasa kullum ya kai ta gwaji da kansa ko doka ba ta tilasta shi ba. Ya kuma karanta takardar inshora da kyau, domin rangwamen da ake yi wa tsofaffin motoci yakan zo da sharaɗin taƙaita tafiya, wani lokaci har da sharaɗin mallakar wata motar ta zirga-zirga.

Akwai abu ɗaya da babu gwanin da zai gyara. A 2009 cibiyar IIHS ta Amurka ta haɗa Chevrolet Bel Air ta 1959 da Chevrolet Malibu ta 2009 karo. Kowa na ganin tsohuwar ta fi ƙarfe, amma ɗakin direbanta ne ya murƙushe, na sabuwar ya tsaya. MGB ba ta da jakar iska, ba ta da burkin da ke hana taya kullewa, ba ta da rufin ƙarfe, ga ta ƙasa-ƙasa a tsakanin manyan motocin yau masu ninka ta nauyi. Ana iya sa mata bel mai kyau da sababbin tayoyi da ƙarfen kariya a bayan kujeru, kuma ya kamata a sa, amma duk wanda zai ɗauki ɗansa a cikinta kullum ya san abin da ya zaɓa.

Duk da haka, mota don tafiya aka yi ta. Wadda aka ajiye robobinta na bushewa, burkinta na kamewa, fetur na lalacewa a tankinta. Irv Gordon, wani malamin makaranta a Jihar New York, ya sayi Volvo P1800 a 1966, ya yi ta zuwa aiki da ita. A 2013 ta cika mil miliyan 3, kuma har ya rasu a 2018 tana tafiya. Abin da aka san shi da shi shi ne bin littafin motar sau da ƙafa, da yin juyen mai a kan lokaci.

Mai karatu a Najeriya da wannan sha'awa ta kama ya tuna cewa tun Afrilun 1972 ƙasar ta koma tuƙi ta hannun dama, motar Ingila kuwa sitiyarinta a dama yake, don haka wadda aka ƙera wa Amurka ce ta dace da titinmu. Ƙasanta na kusa da ƙasa, lagiretonta ba a yi shi don zafin bazara ba, kayan gyaranta kuma sai an yi odarsu daga waje. Wanda daɗin tuƙin kawai yake nema, Mazda MX-5 da ta fito a 1989, wadda aka ƙera da koyi da waɗannan motoci na Ingila, za ta ba shi mafi yawansa da ƙarancin wahala.

Hukuncina shi ne: wanda tafiyarsa ta kullum gajera ce, yana da wurin ajiya mai rufi, da bakaniken da ya san irin motar, da ɗan kuɗin da ya ware don gyara, da wata hanyar zuwa aiki ranar da ta ƙi tashi, ya saya ya more. Wanda ya rasa biyu daga cikin waɗannan ya haƙura tukuna. Wanda kuma ya ƙuduri saye, ya fara da leƙa ƙarƙashinta da karanta takardunta, fenti ya zo daga ƙarshe.