Ƙarambau: Abin da Ke Taimakon Yaro da Abin da Ke Ƙara Masa Ciwo

Daga ƙarshen hunturu zuwa bazara ne ƙarambau ya fi yawo a ƙauyuka irin su Balan da sauran garuruwan Gaya da Ajingi. Yaro ɗaya zai ɗauko shi a makarantar allo ko firamare, bayan kwana 10 zuwa 21 sai a ga ƙannensa sun bi sahu. Ƙwayar bairos ce ke kawo shi, tana bin numfashi da ruwan ƙurajen, kuma yaro kan fara yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin ƙurji ya fito. Shi ya sa killacewa kan zo a makare.

Ga yaro mai ƙoshin lafiya, ciwon kan tafi da kansa cikin mako guda ko ɗan fiye. Aikin uwa shi ne rage masa wahala: farasitamol daidai shekarunsa saboda zazzaɓi, ruwa da kunu a kai a kai, wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi ba tare da cuɗa ba, sai a shafa kalamin, ruwan nan da ke kwantar da ƙaiƙayi. A yanke masa farce. Wannan ya fi rabin magungunan da ake sayowa amfani, domin susa ce ke buɗe wa wasu ƙwayoyin cuta ƙofa, ita ce kuma ke barin tabo.

Inda ake yin ɓarna shi ne wajen mai kemis. Asfirin haramun ne ga mai ƙarambau, don yana iya jawo cutar Reye, wadda ke taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Mutane da yawa ba su san akwai asfirin cikin garin Alabukun ba. Ibuprofen ma a bar shi, an danganta shi da mummunan ruɓewar fata. Kafso irin su Ampiclox kuwa ba sa kashe bairos. Sai ƙurji ya yi mugunya, ya kumbura, ya yi ja, sannan likita zai rubuta su. Toka ko ƙasa a kan ƙurjin da ya fashe neman wani ciwon ne kawai.

Akwai maganin bairos ɗin, acyclovir, amma ya fi aiki idan an fara shi cikin awa 24 da fitowar ƙuraje, kuma an fi tanadarsa ga masu haɗari: manya, da masu raunin garkuwar jiki. Mai juna biyu da jariri sabon haihuwa su nisanci mara lafiya har ƙurajen su bushe duka su yi ɓawo. Rigakafi ma akwai, Michiaki Takahashi ya samar da shi a Japan a 1974, Amurka ta fara amfani da shi a 1995, sai dai ba ya cikin alluran da ake yi wa yara kyauta a Najeriya.

Ba kowane ƙurji ne ƙarambau ba. Ƙyanda tana zuwa da tari da mura da jan ido, ƙurajenta ba su da ruwa. Ƙyandar biri, wadda ta sake ɓulla a Bayelsa a 2017, takan zo da kaluluwa. Idan ana shakka, ko yaro ya fara numfashi sama-sama, ko jijjiga, ko barci mai nauyi, ko zazzaɓi ya wuce kwana huɗu, a kai shi Babban Asibitin Gaya a ranar, kada a jira gari ya waye.