Daga Tekun Norway Zuwa Kasuwar Sabon Gari

Da yawanmu mun sha miyar busasshen kifin nan mai tauri kamar icce, wanda 'yan'uwanmu Ibo ke kira okporoko. A kasuwar Sabon Gari muke sayensa, amma akwai wanda daga tsibiran Lofoten yake fitowa, can arewacin Norway. Daga Janairu zuwa Afrilu kifin kan taru a wurin domin zuba ƙwai. Masunta su kama, su rataye a kan katakai, iska ta busar da shi ba gishiri.

Akwai masu nutso cikin wannan teku domin kallon kifaye da ƙaguwa a tsakanin dogayen ciyayin ruwa. Sukan goya tulun iska da na'urar shaƙa irin wadda Jacques Cousteau da Emile Gagnan suka ƙera a 1943, su kuma sa rigar da ruwa ba ya ratsawa. Dalili kuwa, ruwa na zuƙe ɗumin jiki fiye da iska kusan sau 25, har hannu da ƙafa su sandare.

Dam ɗin Kubanni na Samaru bai kai can sanyi ba, amma da hunturu ko gwanin iyo sai ya yi hattara a ciki. Ɗalibai, mu kiyaye.