Daga Yawun Kare Zuwa Allon Waya: Tashen Mazhabar Ɗabi'a da Abin da Ta Bari

A shekarar 1913, wani malamin jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, John B. Watson, ya fitar da maƙalar da ta ta da ƙura a tsakanin masana halayyar ɗan Adam. Cewa ya yi a daina tambayar mutum abin da ke cikin ransa, a koma ga abin da ido ke gani, wanda za a iya aunawa a kuma sake gwadawa. Nan mazhabar ɗabi'a ta samo asali, ta kuma yi kusan shekara hamsin tana jan zarenta a Amurka.

Ba haka kawai aka rungume ta ba. Tun da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a Leipzig ta Jamus a 1879, masana suka dogara da horar da mutum ya leƙa zuciyarsa ya faɗi abin da ya ji. Sai wannan ɗakin gwaji ya faɗi kaza, wancan ya ƙaryata, babu alƙalin da zai raba gardama. Matasan masana suka ƙosa.

Irin da Watson ya shuka kuwa tsoho ne. John Locke da David Hume, sai David Hartley a littafinsa na 1749, sun riga sun koyar cewa tunani ɗinki ne: abubuwa biyu da suka saba zuwa tare sukan manne a zuciya, ɗaya ya riƙa janyo ɗaya. Bahaushe ma ya san wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Abin da ya rage shi ne hujjar da za a ƙirga, kuma Ivan Pavlov na Rasha ne ya kawo ta. Binciken narkewar abinci yake yi, wanda ya ba shi kyautar Nobel a 1904, sai ya lura karnukansa na dalalar da yawu tun kafin a ajiye musu abinci. Ya riƙa kunna na'ura mai ƙas-ƙas gab da ciyarwa, yana tara yawun ɗigo-ɗigo ta siririn bututu, har sautin kaɗai ya isa ya kawo yawu.

Amurka ta lokacin, ƙasar masana'antu da baƙin haure, tana neman ilimin da zai yi aiki a aji da ma'aikata da kasuwa. Watson ya ba ta shi, har ya yi iƙirarin cewa in aka ba shi jarirai masu lafiya zai iya mai da kowanne likita ko ɓarawo.

A 1920 shi da Rosalie Rayner suka gwada a kan jariri ɗan wata 11 da suka kira Albert. Yaron yana wasa da farin ɓera ba fargaba. Da ya miƙa hannu, sai a doka guduma a sandar ƙarfe a bayan kansa. Bayan 'yan lokuta, ganin ɓeran kaɗai ya sa shi kuka, tsoron ya shafi har zomo. Aka tafi da shi ba a cire masa tsoron ba. Wannan zalunci ne, kuma babu kwamitin ɗa'a da zai yarda da shi yau. Amma a 1924 Mary Cover Jones ta juya dabarar: ta riƙa matso da zomo sannu a hankali kusa da wani yaro mai tsoronsa yayin da yake cin abin da yake so, har tsoron ya gushe.

B. F. Skinner ya ɗora da akwatinsa na ɓeraye da tattabaru, ya nuna cewa lada ne ke gina ɗabi'a, kuma ladan da ba a san ranar zuwansa ba shi ya fi ɗaure mai nema.

Inda mazhabar ta yi tuntuɓe shi ne da ta ce komai ma haka yake. A 1959 Noam Chomsky ya yi wa littafin Skinner kan harshe kaca-kaca: yaro yana furta jimlar da bai taɓa ji ba, ba kuma wanda ya ba shi lada a kanta. A 1966 John Garcia ya nuna ɓera yana saurin haɗa ciwon ciki da ɗanɗano, amma ba ya haɗa shi da haske ko ƙara, wato halitta ba farin allo ba ce da za a rubuta komai a kai. Zuwan kwamfuta kuma ya ba masana hanyar magana kan abin da ke gudana a ƙwaƙwalwa ba tare da zato ba.

Mazhabar ta kasa bayyana mutum ɗungurungum, amma kayan aikinta suna nan daram. Da su likitoci ke raba mutane da matsanancin tsoro, kuma da ladan nan na ba-zata injinan caca ke tatse aljihu. Masana da dama na ganin shi ne ke sa yatsa ya kasa barin allon waya. Ya kamata iyaye da malamai su san wannan dabara tun kafin su miƙa wa yaro wayar farko.